Daga maƙerar gona zuwa masana'antar Sunshine: tarihin kamfanin McKay a Ostireliya

Turawan Ingila da suka mamaye Ostireliya sun samu fili har ya yi musu yawa, domin ƙwace shi suka yi daga hannun 'yan asalin ƙasar. Abin da suka rasa shi ne hannuwan da za su yi aiki. A yankin Ostireliya ta Kudu, wanda aka kafa a matsayin ƙasar mallaka a 1836, alkama ta yi kyau a farkon shekarun 1840 har manoma suka shiga fargabar za ta zube a gona don rashin masu yanka. Ranar girbi a can takan faɗo a watannin Disamba da Janairu, tsakiyar zafi, kuma alkamar da ta bushe ba ta jiran kowa. A 1843 wani mai injin niƙa a kusa da Adelaide, John Ridley, ya fito da wani inji da dawakai ke turawa daga baya. A gabansa akwai haƙora irin na matsefi masu kama zangarniya, sai wasu ƙarafa masu juyawa su doke ta, ƙwaya da ƙaiƙayi su faɗa cikin akwati, kara kuwa ya tsaya a gona. Lauje ya huta, haka ma masu ɗaurin dami.

Sai dai injin Ridley rabin aiki yake yi. In akwatin ya cika, a kai shi gefen gona a juye, tsibi ya tashi na alkama cuɗe da ƙaiƙayi. Daga nan sai injin shiƙa. Wannan akwatin katako ne mai fanka a ciki da rariya hawa-hawa. Mutum ɗaya na zuba hatsi da shebur ta sama, wani na juya marfi da hannu ba tsayawa, iskar fanka na kwashe ƙaiƙayi ta baya, rariya na girgiza tana tace tsakuwa da ƙwayar ciyawa, tsabar alkama na gangarowa ta gaba inda na uku ke ɗurawa a buhu. Duk wadda ta taɓa tsayawa da ƙwarya a masussuka tana jiran iska ta kaɗa ta san ƙaiƙayin da ke shiga ido da wuya. Bambancin kawai shi ne a can damtsen mutum ne ke samar da iskar, tun safe har faɗuwar rana. Ƙera waɗannan injuna ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma gidan John Stokes Bagshaw a Adelaide na cikin waɗanda suka yi suna a kanta.

A irin wannan gona Hugh Victor McKay ya tashi. An haife shi a 1865 a Raywood, cikin yankin mallaka na Victoria, shi ne na biyar cikin 'ya'ya 12. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Ailan, mahaifinsa ya yi haƙar zinariya kafin ya koma noma a wani wuri da ake kira Drummartin, arewa da Bendigo. Karatun Hugh bai yi nisa ba, aikin gona ya janye shi. A 1883 jaridar Leader ta Melbourne ta buga rahotanni a kan manyan injunan girbi na Kaliforniya a Amurka, masu yanka da sussuka da shiƙa a tafiya ɗaya. Hugh da mahaifinsa da ɗan'uwansa John suka shiga 'yar maƙerarsu ta gungumen itace, suka tattaro tsofaffin ƙarafa, suka ɗora injin shiƙa a kan injin irin na Ridley, yadda juyawar ƙafar injin ce za ta riƙa kaɗa fanka da rariya. Dawakai na ja, hatsi na fitowa tsaf, sai ɗuri kawai. A watan Maris na 1885 ya samu takardar gwamnati ta mallakar wannan ƙira, bai cika shekara 20 ba.

Ba shi ne na farko ba. James Morrow, na kamfanin Nicholson and Morrow a Melbourne, ya riga shi yin rajistar inji mai irin wannan aiki tun 1884, kuma akwai wasu maƙera da ke kan hanya ɗaya. McKay ma ba shi da masana'anta. Kwangila yake bayarwa a ƙera masa a Melbourne da Bendigo, sannan daga 1888 ya tare a Ballarat, garin da zinariya ta gina, inda akwai maƙera da masu zubin ƙarfe. A farkon shekarun 1890 tattalin arzikin Victoria ya karye, bankuna suka rufe ƙofa, kamfaninsa na farko ya durƙushe. Ya sake tashi da taimakon 'yan'uwansa, ya gyara injin ya rage masa nauyi, ya raɗa masa suna Sunshine, wato hasken rana. Daga nan kasuwa ta buɗe.

Abin da ya bambanta shi da sauran maƙera shi ne sanin yadda ake sayarwa. Manomin wancan zamani yana zaune nesa da gari, jaridar mako-mako ita ce tagar da yake leƙa duniya. Shafukanta cike suke da talla. Mai kantin yadi na shelar ya karya farashi don kwashe kayan bara, mai gwanjo na sanar da ranar sayar da dawakai da garmar wani da bashi ya ci, a gefensu kuma zanen injin shiƙa da farashinsa da sunan wakilin da za a samu a gari mafi kusa. Sau da yawa wakilin nan shi ne mai kantin ƙauyen, wanda ke ba manomi bashin shayi da sukari har kaka, don haka ya san wanda zai iya biya da wanda ba zai iya ba. Amma inji ba yadi ba ne da za a saya don an rage sule ɗaya. Kuɗinsa masu nauyi ne, kuɗin manomi kuma sau ɗaya suke shigowa a shekara, in injin ya lalace a tsakiyar girbi shekara ta tafi. Saboda haka masu ƙera injuna suka dogara da abubuwa uku: baje kolin amfanin gona da kowane gari ke yi duk shekara, gwaji a gona a gaban jama'a, da wasiƙun shaida daga manoman da suka saya, waɗanda ake bugawa a cikin tallar da sunan mutum da na ƙauyensu. Gani ya kori ji. McKay ya riƙe waɗannan hanyoyi da kyau, ya baza wakilai da masu gyara a yankunan alkama, ya kuma manna wa hajarsa suna mai sauƙin faɗa wanda ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kowane inji, har kowace gona da ta saya ta zama allon talla ga maƙwabta.

A 1901 yankunan mallaka shida suka haɗe suka zama tarayyar Ostireliya, shingen kuɗin fito da ke tsakaninsu ya faɗi, kasuwar McKay ta faɗaɗa. Sai kuma ga fari mai tsanani a 1902, alkama ta ƙone, injuna suka yi kwantai. Maimakon ya zauna jiran ruwa, sai ya tura ƙanensa Sam da injuna zuwa Ajantina, inda ake noman alkama a fili mai faɗi irin na gida. Ajantina ta zama babbar kasuwarsa ta waje na tsawon shekaru.

Ballarat ta yi masa kaɗan, ga ta nesa da tashar jiragen ruwa. A 1904 ya sayi wata masana'antar kayan noma a Braybrook Junction, mahaɗar layukan dogo a yammacin Melbourne, ya kwashe aikinsa zuwa can cikin shekaru biyu zuwa uku. Akwai wani dalilin kuma: wurin yana wajen iyakar hukumomin da ke ƙayyade albashi a birane. A 1907 aka sauya wa unguwar suna zuwa Sunshine, sunan haja ya zama sunan gari. McKay ya yanka filaye ya gina gidaje yana sayar wa ma'aikatansa, ya kawo lantarki, ya dasa itatuwa da lambun shaƙatawa, ya ba da fili don makarantar koyon sana'a.

A wannan lokaci ne ya haƙa ramin da ya faɗa ciki. Manyan kamfanoni, International Harvester na Amurka da Massey-Harris na Kanada, sun shigo da injuna masu kama da nasa. McKay ya tayar da ƙura a jaridu da gaban 'yan majalisa cewa baƙi za su kashe masana'antar gida. Gwamnati ta ɗora kuɗin fito a kan injunan waje, amma a dokar 1906 ta haɗa da sharaɗi: mai ƙerawa a gida ma zai biya haraji, sai in ya nuna yana biyan ma'aikatansa albashi na adalci. McKay ya nemi a yafe masa, maganar ta je gaban alƙali Henry Bournes Higgins a 1907. Alƙalin ya saurari matan ma'aikata suna lissafa kuɗin haya da nama da burodi da itacen girki, ya yanke cewa lebura marar sana'a, mai mata da 'ya'ya uku, ba zai rayu da mutunci a ƙasa da sule 7 a rana ba, wato sule 42 a mako. Abin da McKay ke biyan leburorinsa bai kai haka ba. A 1908 babbar kotun ƙasa ta soke dokar harajin, McKay ya tsira daga biya, amma ma'aunin Higgins ya zauna, ya zama tushen mafi ƙarancin albashi a Ostireliya na shekaru da dama. Tsakanin McKay da ƙungiyoyin ƙwadago kuwa ba a shirya ba, har aka yi dogon yajin aiki a 1911.

Wata dabararsa ita ce sayen basirar wasu. Headlie Taylor, manomi daga Henty a New South Wales, ya ƙera inji mai yanke zangarniya da wuƙa maimakon fizga, wanda ke iya ɗaga alkamar da iska ko ruwa suka kwantar. McKay ya ɗauke shi, aka fara ƙera injinsa a Sunshine a 1916, a 1924 kuma suka fito da mai tuƙa kansa ba doki. A shekarun 1920 ma'aikatan masana'antar sun kai wajen 3,000, babu kamarta a harkar kayan noma a duk kudancin duniya. McKay ya rasu a 1926. Daga dukiyar da ya bari aka ba da fam 2,000 da suka taimaka wa wani mai suna John Flynn ya fara aikin kai likita ƙauyuka da jirgin sama a 1928. A shekarar ce kuma kamfanin ya ɗauko tsohuwar maƙerar Drummartin ya kafa ta a harabar masana'anta, ana nuna wa baƙi inda yaron gona ya ƙirƙiro injin girbi. Labarin ya shiga littattafan makaranta, sunan Morrow ya dusashe. Maƙerar yanzu tana hannun gidan tarihi na Victoria.

A 1930 kamfanin ya haɗe da reshen Massey-Harris, abokin hamayyar jiya, a 1955 kuma iyalin McKay suka sayar da kasonsu gaba ɗaya. An ci gaba da aiki da sunan Massey Ferguson har shekarun 1980, lokacin da aka sassauta kuɗin fito kuma manyan injunan waje suka cinye kasuwa. An rushe yawancin gine-ginen, aka bar ƙofar shiga da hasumiyar agogo da wani babban sito. Masana tarihi a yau sun daina kiran McKay wanda ya ƙirƙiro injin, suna kiransa wanda ya fi kowa iya ƙera shi da yawa, ya kai shi ƙofar manomi, ya kuma sa aka yarda da shi. Kariyar gwamnati da ya yi fafutukar samu ta raya masana'antar sama da shekara 70, kuma janye ta na cikin abin da ya rufe ta.