Ann Jones, Mai Otal ɗin Glenrowan

Ann Jones 'yar ƙasar Ailan ce da ta yi ƙaura zuwa Ostireliya zamanin mulkin mallakar Birtaniya, ta buɗe ƙaramin otal a ƙauyen Glenrowan da ke arewa maso gabashin yankin Biktoriya. A cikin otal ɗinta aka yi artabu na ƙarshe tsakanin 'yan sanda da gungun Ned Kelly, ɗan fashin dajin da ya fi kowa suna a ƙasar, ranar 28 ga Yuni, 1880. An yi rubuce-rubuce masu tarin yawa a kan Kelly, amma ita akan ambace ta ne a gefen labari, kuma ba baki ɗaya ake magana a kanta ba: wasu sun ce 'yar goyon bayan 'yan fashin ce, wasu suka ce 'yar rahoton 'yan sanda ce.

Sunanta na gida Ann Kennedy, an haife ta a gundumar Tipperary. Ta sauka Biktoriya a 1854, lokacin da labarin zinare ke jan mutane daga ko'ina, mutanen Ailan kuma ba su daɗe da fita daga babbar yunwa ba. A wannan shekarar ta auri Owen Jones. Sun yi zama nan da can, 'ya'ya suka yi yawa, abin hannu bai taru ba. Da layin dogo daga Melbon ya ratsa yankin a 1873, sai kasuwa ta buɗe ga mai iya ciyar da matafiya da leburori. Kusa da ƙarshen shekarun 1870 ta gina otal ɗinta daura da tashar jirgi. Gini ne na katako mai 'yan ɗakuna, da mashaya, da ɗakin cin abinci, sai kicin a ware ta baya. Mijin yakan yi nisa wajen aiki, don haka ita da 'ya'yanta ke riƙe da wurin. A ƙetaren layin akwai wani otal na McDonnell, kuma can ne magoya bayan su Kelly suka fi taruwa. Wannan abin lura ne ga duk wanda ke son ya ce gidanta ne matattararsu.

Tun watan Oktoban 1878, da gungun ya kashe 'yan sanda uku a Stringybark Creek, ake farautarsu, har ladan kama su ya kai fam 8,000. Daren Asabar, 26 ga Yuni, 1880, Joe Byrne, ɗaya daga cikin 'yan gungun, ya harbe Aaron Sherritt, wanda suke zargi da kai rahotonsu. Sun san za a turo jirgin ƙasa cike da 'yan sanda. Ned Kelly da ɗan gungunsa Steve Hart suka iso Glenrowan cikin dare, suka tilasta ma'aikatan layi cire ƙarafan dogo a wata kwana, don jirgin ya kife. Duk wanda zai iya kai gargaɗi sai a tsare shi, aka yi ta kora mutane cikin otal ɗin Ann har suka haura sittin.

Jirgin bai zo da wuri ba. Aka wuni Lahadi ana jira, cikin hunturu, ana sha, ana karta, har da rawa. Ɗanta John, mai shekara 13, ya rera waƙa. Daga abin da ya faru a wannan wunin aka samo kusan duk zargin da aka yi mata daga baya: an ce ta saki fuska da 'yan fashin, an ce da aka ba mutane izinin tafiya gida cikin dare, ita ta tsayar da su su saurari jawabin Ned. Shaidu sun faɗi haka, kuma ba a watsar da maganarsu. Sai dai wajibi ne a auna ta da halin da matar take ciki, ga 'yan gungun su huɗu da bindiga a cikin gidanta, ga 'ya'yanta a gabansu, miji ba ya nan.

Thomas Curnow, malamin makarantar ƙauyen, ya lallaɓi Kelly har ya sake shi. Wajen ƙarfe uku na dare ya tare jirgin da kyandir a bayan jan gyale. 'Yan sanda suka sauko suka nufi otal ɗin, su Kelly suka fito baranda sanye da sulken da aka ƙera da bakin garma. Tun a musayar wuta ta farko aka harbi Sufurtandan 'yan sanda Francis Hare a wuyan hannu. Daga nan aka yi ta ruwan harsashi a kan ginin, katako kuwa ba ya tare harsashi. Mutane suka kwanta a ƙasa kan juna cikin duhu. Harsashi ya gogi 'yarta Jane a kai, wani ya sami John. Neil McHugh, wani lebura, ya saɓa yaron ya fita da shi ta tsakiyar wuta, amma yaron ya cika a asibitin Wangaratta. Martin Cherry, ma'aikacin layi, shi ma harbin ya yi ajalinsa.

Byrne ya faɗi matacce a mashaya kafin asuba. Aka kama Ned da gari ya waye, bayan an harbe shi a ƙafafu. Wajen ƙarfe goma aka bar sauran mutanen suka fita. Da la'asar ta gabato 'yan sanda suka cinna wa otal ɗin wuta; wani limamin Katolika, Matthew Gibney, ya kutsa ciki ya tarar da gawarwakin sauran 'yan gungun biyu, Dan Kelly da Steve Hart. A hotunan da aka ɗauka ba abin da ya rage tsaye sai bututun hayaƙi na bulo da allon da ke ɗauke da sunanta.

An rataye Ned Kelly a Melbon ranar 11 ga Nuwamba, 1880. A wannan watan aka kama Ann Jones bisa tuhumar ba 'yan fashi mafaka. Matar da harsashin hukuma ya kashe wa ɗa, wutar hukuma ta cinye mata gida da jari, ita aka gurfanar. Kotu a Beechworth ta wanke ta a 1881, kuma wannan hukunci ya fi jita-jitar ɓangarorin biyu nauyi. Ta nemi diyya, aka ba ta ƙasa da abin da ta nema sosai. Jane ta rasu a 1882, tana budurwa.

Ta sake gini a filin nan. Bayan rasuwar Owen ta yi wani aure, ta rasu a 1910. A 2008 masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin Adam Ford suka haƙa filin, suka tono kwanson harsasai da narkakken gilashi daga inda ɗakunanta suke.