Sarkin Sin da fadawa suka riƙa fansowa daga gidan ibada

Tun ina makarantar horon malamai nake son karanta tarihin sarakunan da suka faɗi, amma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Sarki Wu na daular Liyang. Ya mulki kudancin ƙasar Sin daga 502 zuwa 549, fadarsa tana birnin da yau ake kira Nanjin, kuma mabiyin addinin Buda ne na gaske.

Da yake ba kowa ya san addinin a nan ba, ga ginshiƙinsa a taƙaice. Buda ya koyar a arewacin Indiya cewa tushen wahalar ɗan Adam kwaɗayi ne da manne wa "ni" da "nawa". A wurinsu abin da mutum ke kira "ni" ba tsayayyen abu ba ne, kullum sauyawa yake. Aikin mai bin hanyar shi ne ya sassauta wannan riƙon har ya sake shi.

Wu bai ɗauki abin da wasa ba. A 517 ya hana yanka dabbobi a bukukuwan bauta na fada, aka koma yin siffofinsu da ƙullun gari. Ya umurci ƴan zuhudu su bar cin nama, shi ma ya bari. A 527 ya shiga gidan ibada na Tongtai ya miƙa kansa a matsayin bawa. A 529 ya sake, ya tuɓe kayan sarauta, sai da fadawa suka biya tsabar kuɗi miliyan 100 suka fanso shi. Da ya tsufa ma ya ƙara yi. Kuɗin nan fa ba daga sama suka faɗo ba, a ƙarshe manomi ne ya biya. Sarki ya fito da sunan wanda ya rabu da duniya, ya koma kan gadonsa.

Mabiya ɗariƙar Zen suna da labarin cewa wani ɗan zuhudu mai suna Bodidarma ya zo fadarsa, sarki ya lissafa masa gidajen ibadar da ya gina, ya tambayi yawan ladansa, baƙon ya ce babu ko kaɗan. An rubuta labarin ne shekaru da yawa bayan mutuwar sarkin, don haka hikaya na ɗauke shi. Abin da ya fi kama ni yana cikin littattafan tarihin Sin.

A 545 wani babban jami'i, He Chen, ya rubuto masa takarda: talakawa suna gudu daga garuruwansu saboda haraji, manya suna almubazzaranci, jami'ai suna cin zali. Sarki ya fusata. Amsar da ya shibta ita ce abin dubawa. Ya nemi a kawo masa sunayen masu laifin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya kan kansa: ya fi shekara 30 bai kusanci mace ba, ba ya shan giya, tun da duhun asuba yake tashi aiki, sau ɗaya yake cin abinci a yini, har ƙugunsa ya rame. Mai yiwuwa duk gaskiya ne. Amma an yi masa maganar manoma, shi ya ba da amsa da ƙugunsa. He Chen ya nemi gafara, bai sake buɗe baki ba.

Ba na kiran wannan riya, don mai riya ya san mutane yake yi wa. Ya fi kama da abin da malamanmu ke kira ujubu. Mutumin ya bar nama da giya da mata, sai "ni" ɗin da yake yaƙa ta zagaya ta shige cikin barin nan ta yi zamanta.

Ni ma na taɓa yi. Wani insifekta ya gaya mini cewa yaran ajina da yawa ba su iya karatu ba. Na lissafa masa allin da nake saye da kuɗina, da zuwana lakkol kafin kowa, da watannin da albashi ya yi jinkiri ban fasa zuwa ba. Ya yi shiru ya tafi. Sai da dare na lura ko sau ɗaya ban ambaci yaran ba.

A 547 wani janar daga arewa, Hou Jing, ya nemi mafaka. Wasu fadawa suka ce macuci ne, amma sarki ya riga ya yi mafarkin arewa ta miƙa masa wuya, ya gaskata mafarkinsa. A 548 Hou Jing ya yi tawaye. Wanda ya ba shi jiragen haye kogin Yangtze ɗan ɗan'uwan sarki ne, wanda ya taɓa gudu wurin abokan gaba aka yafe masa. Dakarun ƴaƴan sarki da danginsa sun zo, suka tsaya a bayan gari suna jan ƙafa, har fada ta faɗi a 549.

Hou Jing ya tsare tsohon, yana rage masa abinci. Yana da shekara 85. Masu tarihi sun ce a kwanansa na ƙarshe bakinsa ya yi ɗaci, ya roƙi zuma, ba a ba shi ba.