Daga Dandali zuwa Salula: Tarihin Hira a Kudancin Nijar

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wannan magana ta samo asali ne tun zamanin da ba a gaida mutum sai an taka zuwa ƙofar gidansa. A ƙasashen Maraɗi, Damagaram da Adar, kowa yana da wurin hirarsa: dattawa a zaure, samari da ƴan mata a dandali, yara kuwa gaban kaka wurin tatsuniya. A nan ake jin labari, a sasanta rigima, yaro ya koyi lokacin magana da lokacin kame baki.

Na'urorin farko da suka shigo ƙasar ba su rusa wannan tsari ba. Da aka buɗe gidan rediyon Nijar a shekara ta 1958, akwati guda yakan ishi unguwa: a kewaye shi a saurara, sa'an nan a yi ta muhawara. Haka kaset ma. Ɗan ci-rani a Abijan ko Legas yakan ɗauki muryarsa ya ba direba, iyali kuma su taru a tsakar gida su ji saƙon tare.

Bayan da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta raya Samariya, ta haɗa matasa wajen aikin gayya da wasanni. Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, aka yi Taron Ƙasa na 1991, sai Samariya ta dusashe. A gurbinta "fada" ta bayyana, musamman a Damagaram, kafin ta bazu har Yamai. Samari, yawancinsu marasa aikin yi, sukan shimfiɗa tabarma a bakin titi su ɗora shayi. Shayin nan sau uku ake dafa shi, kuma jiran da ake yi tsakanin na fari da na ƙarshe shi ne ke ba hira wuri.

Wayar salula ta zo da wani hali dabam. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp suka shiga aljihun jama'a. Amfaninta ba ya ɓoyuwa: manomi yana jin farashin albasa bai bar Galmi ba, uwa tana jin muryar ɗanta daga Libiya ko da ba ta iya karatu ba. Sai dai rediyo da kaset na taro ne, ita kuwa salula ta mutum ɗaya ce. Saƙon da dā gida ke ji baki ɗaya, yanzu kunne guda ke jin sa.

Fada ba ta mutu ba, shayi ma yana kan wuta, amma sau da yawa kowa ya sunkuya a kan tafin hannunsa. Barka da gaisuwar mutuwa, waɗanda dā ake sa takalmi dominsu, wasu sukan sallame su da saƙon murya. Ga wanda ke nesa, wannan rahama ce. Ga maƙwabci kuwa, wanda bango kaɗai ya raba, gajartar zumunta ce, domin mai makoki ya fi tuna wanda ya zauna kusa da shi a kan tabarma, ko da bai ce uffan ba.