Idan Makatsin Wuta Ya Faɗi: Yadda Ake Gano Dalili

Ya kai mai karatu, kusa da kwantar gidanka akwai wata ƙaramar na'ura mai hannu, wadda masu gyaran lantarki suke kira dijonktar. Mu za mu kira ta makatsin wuta. Aikinsa shi ne ya yanke kuran da kansa idan haɗari ya taso. Saboda haka faɗuwarsa gargaɗi ce, kuma wajibi ne ka nemi dalilinta kafin ka maido da wuta.

Dalilai guda uku

Na farko, kaya sun yi yawa. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Makatsi mai lamba 10A yana ɗaukar kimanin wat 2200. Dutsen guga kaɗai yakan ci wat 1000 ko fiye. Idan ka haɗa shi da firigo da abin dafa ruwa, waya za ta yi zafi, makatsi ya faɗi bayan ƴan mintoci. An fi ganin haka a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da fanka da firigo ba sa hutawa.

Na biyu, wayoyi biyu sun taɓa juna, domin rigarsu ta tsufa ko ɓera ya ci ta. A nan makatsi yakan faɗi nan take, wani lokaci da ƙara da tartsatsi.

Na uku, kuran yana zurarewa zuwa ƙasa ta jiƙaƙƙen bango ko ta jikin wata na'ura. Wannan ya fi yawa da damina. Makatsi mai lamba 30mA ne yake tsare ran mutum daga irin wannan.

Matakan bincike

1. Duba maƙwabta. Idan su ma ba su da wuta, yankewar daga layin NIGELEC take. Idan kwantarka mai kati ce, duba ko kuɗin sun ƙare.
2. Busar da hannunka, ka sa takalmin roba.
3. Cire dukkan kayan da aka jona, ka kashe fitilu.
4. Ɗaga hannun makatsin sau ɗaya. Idan ya sake faɗuwa alhali babu komi a jone, laifin yana cikin wayoyin gida ko cikin makatsin kansa. Tsaya nan, ka kira mai gyara.
5. Idan ya tsaya, jona kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda wuta ta ɗauke da zarar ka jona shi, shi ne mai laifi. Idan kuwa sai da suka taru sannan ta ɗauke, yawa ne: rage su.

Abin da aka hana

Kada ka ɗaure hannun makatsi da zare ko ka tokare shi da itace. Kada ka bari a zagaye shi da waya, ko a sa mai babbar lamba a kan siririyar waya, domin ta haka gobara take tashi. Kada ka taɓa hatimin kwantar.

Idan makatsinka yana da maɓalli mai harafin T, danna shi sau ɗaya a wata. Mai lafiya zai faɗi nan da nan. Wanda ya ƙi faɗuwa, ko ya yi baƙi, ko yake warin ƙuna, a sauya shi tun kafin dare ya yi.