Masoya ƙagaggen labarin kimiyya: ƙungiyoyinsu, tarukansu da mujallunsu

Ƙagaggen labarin kimiyya wani reshe ne na adabi da ke gina labari a kan ilmin kimiyya da ƙere-ƙere, kamar tafiya sararin samaniya, ko mutum-mutumi mai tunani, ko yadda duniya za ta kasance nan gaba. Abin da ya bambanta shi da sauran rassan adabi shi ne rawar da masu karatu suka taka wajen raya shi, domin su suka kafa ƙungiyoyi, suka buga mujallu da kuɗin aljihunsu, suka kuma shirya tarukan da ake yi har yau.

Asali

A watan Afrilun 1926 Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a Amurka. Yakan buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, sai suka fara rubuta wa juna kai tsaye. A shekarar 1930 wata ƙungiyarsu a Chicago ta fitar da The Comet, wadda ake ɗauka ita ce mujallar masoya ta farko. A 1940 Russ Chauvenet ya laƙaba wa irin waɗannan mujallu sunan fanzin.

Ba don riba ake buga su ba. Da tafireta ake rubutawa, a gurza kwafi kaɗan, a aika ta gidan waya. Sau da yawa ba kuɗi ake biya ba: mai karatu ya aiko da wasiƙar sharhi, ko maƙala, ko tasa mujallar a yi musaya. Tun da wuri masoyan suka rabu gida biyu. Wasu sun fi son raha da labarin junansu. Wasu kuma sun riƙi abin da muhimmanci, suna nazarin littattafai, suna tsara jerin sunayensu, suna rubuta tarihin marubuta. Waɗannan ne suka adana tarihin wannan adabi a zamanin da jami'o'i ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A irin waɗannan mujallu Ray Bradbury ya koyi hannu, a nan kuma Jerry Siegel da Joe Shuster suka fara amfani da sunan Superman a 1933.

Taruka da lambobin yabo

An yi babban taron masoyan na duniya, wato Worldcon, karo na farko a birnin New York a watan Yulin 1939, da mutum kusan 200. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da shi daga 1942 zuwa 1945. 'Yan sa-kai ne ke gudanar da shi, mambobi kuma ke zaɓen garin da zai karɓi baƙuncinsa. Su ne dai ke kaɗa ƙuri'ar lambar yabo ta Hugo, wadda aka fara bayarwa a 1953, aka kuma ware wa mujallun masoya nasu rukuni tun 1955. A 2023 an yi taron a Chengdu ta ƙasar Sin.

Nijeriya ba ta zama 'yar kallo ba. A 2014 Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa mujallar Omenana a intanet. A 2016 Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya 'yar asalin Nijeriya, ta ci lambar Hugo da littafinta Binti. A 2017 aka fara bayar da lambar Nommo ta marubutan Afirka a bikin adabi na Ake da aka yi a Abeokuta.

A ƙasar Hausa

Hausa ta samu nata littafin da wuri. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro, Kilba, da wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka yawo. Abin lura, sunan littafin ma'anarsa ɗaya da sunan waccan mujalla ta Chicago.

Haka nan Hausa ta samu ƙungiyoyi masu kama da na masoyan. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 matasan marubuta a Kano suka kafa Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Cikin 'yan Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba. Sun buga littattafansu da kansu, suna sa tambarin ƙungiya da jerin littattafan 'yan'uwansu da adireshin marubuci, masu karatu kuma suna aiko da wasiƙu. 'Yan kasuwa suka baza littattafan a garuruwan Arewa, daga Sakkwato har Maiduguri. Muhawarar da ta biyo baya a jaridu, wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi fice a cikinta, ita ce ta tsaya a matsayin sharhi mai zurfi.

Sai dai waɗannan ƙungiyoyi sun fi shahara da labaran soyayya da zamantakewa, don haka hanyar da Dembo ya share ba ta samu mabiya da yawa ba. Littattafan Kano kuwa an buga su a takarda mai araha, da yawansu babu shekarar bugu, kuma wanda ya ƙare a kasuwa yakan yi wuyar samu. Aikin tsara sunaye da adana kwafi da rubuta sharhi, wanda masu karatu suka yi wa wannan adabi a Amurka da Ingila, a ƙasar Hausa ya fi rataya a wuyan malaman jami'a ƙalilan. Yanzu da karatun Hausa ya koma WhatsApp da Wattpad, inda rubutu ke ɓacewa cikin sauƙi, buƙatar masu adanawa ta ƙaru.