Takalmin Zinare: Daƙiƙa 70 da Kuɗin da Ke Bin Sawunsu

Kowace shekara, wata ranar Asabar, galibi cikin watan Maris, ana jera duƙusai 16 a ƙofofin tashi na filin sukuwar Rosehill da ke yammacin Sidni a Ostireliya. Babu wanda ya cika shekara uku a cikinsu, wasu ma sau biyu ko uku kacal suka taɓa shiga tsere. Ƙofofi na buɗewa sai su zabura kan ciyawa, su sha kwana, su miƙe, mita 1,200 cikin wajen daƙiƙa 70. Ladan tseren dala miliyan 5 ne na kuɗin ƙasar, kuma duk duniya babu tseren 'yan shekara biyu da ya kai shi tsoka. Sunansa Golden Slipper, wato Takalmin Zinare.

Tun 1957 ake yin sa. Nisan bai canza ba, sai dai an mayar da shi lissafin mita a shekarun 1970. Dokin ma bai canza sosai ba, ƙafa huɗu ce da huhu da zuciya. Abin da ya rikiɗe har ba a gane shi shi ne hanyar da kuɗin caca ke bi kafin su iso bakin filin, da kuma aljihun da suke kwana a ciki.

Ƙungiyar Sydney Turf Club ce ta haifi tseren. Gwamnatin jihar New South Wales ta kafa ta da doka a 1943, zamanin Firimiya William McKell, a lokacin da tsohuwar ƙungiya ta masu hannu da shuni ke riƙe da filin Randwick da manyan tserensa. A wancan zamani darajar doki a dogon zango take. Kofin Melbourne mil biyu ne, kuma dokin da ake yi wa kirari shi ne mai juriya. Sabuwar ƙungiya tana neman abin da za ta ce nata ne, sai wani daraktanta mai kiwon dawaki, George Ryder, ya kawo shawarar tsere gajere, na ƙananan dawaki kawai, da lada mai yawa. Ana ba da labari cewa matarsa ya tambaya wace kyauta ta fi dacewa da jariri, ta ce ɗan takalmi na zinare, sunan ya zauna.

A 1957 aka yi tseren farko. Wani jan duƙushi mai suna Todman ya lashe shi, Neville Sellwood na bisansa, ya ba na biyu tazarar tsawon doki takwas. Masu karɓar caca sun san abin da ke tafe, don haka suka matse farashinsa: sai ka ajiye fam shida kafin ka ci fam ɗaya. Uban Todman ingarma ne haifaffen Ayalan, Star Kingdom, wanda Stanley Wootton ya kawo daga Ingila. 'Ya'yansa ne suka ci tseren sau biyar a jere: Todman, Skyline, Fine and Dandy, Sky High, sai goɗiya Magic Night a 1961. Daga nan masu kiwo suka fahimci inda kasuwa ta dosa. Doki mai saurin girma, mai zafin gudu, shi ke maido da jari da wuri. Ƙasar da ta yi suna da dawakin dogon zango ta koma kiwon 'yan gajeren zango, har ta kai yau dawakin da ake shigowa da su daga Turai ne ke cika Kofin Melbourne.

Wanda ya je Rosehill ranar da Todman ya yi gudu, abin da zai fara cin karo da shi shi ne dandalin masu karɓar caca. Kowanne na tsaye kan ɗan dakali, da babbar jakar fata rataye, sunansa a jikinta, da allon farashi a gefe, yana kwarara kira. Magatakarda na bayansa da fensir yana rubuta duk abin da aka zuba. Ka miƙa kuɗi, a yaga maka tikiti, ka ga fuskar mutumin da zai biya ka ko ya cinye ka. Kuɗinka na raguwa a aljihu kana ji, in suka ƙare ka hau jirgin ƙasa ka koma gida.

Wanda bai je filin ba kuwa, doka ta hana shi caca, amma hanin bai hana komai ba. A bayan mashaya, a shagon aski, a lungunan unguwannin ma'aikata, akwai masu karɓar caca na ɓoye waɗanda ke biya bisa farashin da doki ya tashi da shi a filin. Rediyo na kawo sakamako, wani yaro na tsaye bakin lungu yana gadin 'yan sanda. Sunan wani akun ƙasar, kokatu, suke kiran wannan mai gadi da shi, don tsuntsun yakan yi kururuwa in ya hango haɗari. Cin hanci ya yi katutu har gwamnati ta kafa hukumar bincike a farkon shekarun 1960, a ƙarshe ta yanke cewa tunda an kasa kashe abin, gara ta karɓe shi. Jihar Victoria ta buɗe hukumar cacar gwamnati, TAB, a 1961, New South Wales ta bi sahu a 1964.

Tsarin TAB ba irin na mai jaka ba ne. Ana tara kuɗin kowa a tukunya ɗaya, hukuma ta cire kasonta, sauran a raba wa waɗanda dokinsu ya ci. A Faransa aka ƙirƙiro dabarar a ƙarni na 19, kuma ita ce dai PMU da mutanen Yamai suka sani, inda ake cika takarda kan dawakin da ke gudu a Faris. Injin da ya sa lissafin ya yiwu cikin sauri kuwa wani injiniya mazaunin Sidni ne ya ƙera shi, George Julius, aka fara aiki da shi a Auckland a 1913. A wannan tsari hukuma ba ta taɓa faɗuwa, ko wane doki ya ci. Wani ɓangare na kason yana komawa ga ƙungiyoyin tsere, su kuma su ƙara lada. Ta haka Takalmin Zinare ya kai dala miliyan 1 a 1986, shekarar da goɗiya Bounding Away ta ci wa mai horarwa T.J. Smith. Kuɗin da aka cinye wa leburori da direbobi a shagunan TAB su ne suka gina wannan lada, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka a duk lokacin da ake yabon girman tseren.

Gidan Smith ya cancanci a tsaya a kansa. T.J. Smith ya horar da zakarun tseren shida. 'Yarsa Gai ta auri Robbie Waterhouse, ɗan fitaccen mai karɓar caca Bill Waterhouse. A 1984 aka yi abin kunyar Fine Cotton a filin Eagle Farm na Brisbane: aka rina gashin wani doki mai gudu, aka shafa wa ƙafafunsa fenti, aka shigar da shi da sunan Fine Cotton, wani doki marar gudu, kuɗi suka yi ta kwarara kansa daga ko'ina har farashinsa ya faɗo daga 33 zuwa ƙasa da 4. Asiri ya tonu tun dokin bai huce ba. Hukumar tsere ta kori Bill da Robbie daga filaye bisa samun su da sanin abin tun kafin ya faru, korar da ta kai 1998. Gai ba ta da hannu, amma an hana ta lasisin horarwa saboda mijinta, sai da ta yi shari'a kafin ta samu a 1992. Daga Ha Ha a 2001 zuwa Lady of Camelot a 2024 ta ci Takalmin Zinare sau takwas, ta wuce mahaifinta. Mace ce da ta san doki ƙwarai, babu mai musun wannan. Labarin gidan nata dai yana nuna yadda barga da jakar caca suke zaune ƙofa da ƙofa a wannan sana'a.

Me ɗan caca ya sani game da duƙushi ɗan shekara biyu? Kaɗan ne. Tsohon doki yana da tarihi, an ga yadda yake a taɓo da yadda yake a busasshiyar ƙasa. Duƙushi kuwa yana iya canzawa cikin mako uku, ƙwaurinsa ya yi ciwo, ko hayaniyar taro ta firgita shi, ko ƙuri'ar ƙofa da ake jefawa ranar Talata ta jefa shi can gefe inda zai yi zagaye mai nisa. Ruwan kaka na Sidni yakan mayar da filin laka cikin dare ɗaya. Duk da haka ana buɗe kasuwar cacar tun watanni kafin tseren, kan dawakin da wasunsu ba za su ma kai ranar ba, kuma a irin wannan caca ta gaba, in doki bai shiga ba kuɗi sun tafi. A 2019 bargar Godolphin ta Sheikh Mohammed na Dubai ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku, amma wadda ta zo gaba, Kiamichi, tana cikin waɗanda ba a sa wa rai ba, dala ɗaya a kanta ta dawo da 26. Filin Meydan na can Dubai ba a karɓar caca a cikinsa. Malamanmu ma tun da can sun raba tsakanin tseren doki da ladansa, wanda suka halatta bisa sharuɗɗa, da zuba kuɗin 'yan kallo, wanda suka kira caca kai tsaye.

Babbar cacar ma ba a ranar tseren ake yin ta ba. Ana yin ta shekara guda kafin nan, a zauren gwanjo, inda attajirai ke haɗa gwiwa su sayi duƙusai maza 'yan shekara ɗaya kan miliyoyi, da fatan ɗaya ya ci Takalmin. Namijin da ya ci, darajarsa a matsayin ingarman barbara takan ninka ladan tseren sau da yawa, don haka da yawansu ba sa daɗewa a fili, ana janye su tun suna shekara uku. Ingarma Danehill, wanda aka riƙa kai-komo da shi tsakanin Ayalan da Ostireliya tun 1990, ya haifi zakaru biyar, 'ya'yansa da jikokinsa suka cika littafin. Wani lokaci talaka kan samu rabonsa. A 2017 goɗiya She Will Reign, wadda aka saya dala 20,000 aka raba mallakarta tsakanin mutane masu ƙaramin ƙarfi, ta bi gefen shinge cikin laka ta ci dala miliyan 2. Na yi murna da labarinta kamar kowa. Sai dai irin wannan labari shi ake ɗagawa a nuna wa dubban da suka saya ba su samu komai ba.

Shi kuma dokin fa? Ƙashin doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida. A Ostireliya duk doki ana ƙirga masa shekara daga 1 ga Agusta, don haka wanda aka haifa a Nuwamba yana tsere da wanda ya girme shi da wata uku, kuma wata uku a wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Akwai likitocin dabbobi da ke cewa horo da wuri, in an yi shi da hankali, yana ƙarfafa ƙashi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Damuwata ita ce hankalin. Gurbi 16 ne kawai, ana samunsa ta yawan ladan da doki ya tara ko ta cin ɗaya daga tseren share fage, kuma mai horarwa yana da masu doki a wuyansa. Duk wanda ya taɓa riƙe linzamin duƙushi ya san akwai ranar da ya kamata a mayar da shi turke a bar shi ya huta, kuma ranar ba ta duba kalanda.

Daga shekarun 1990 abin ya sake sabon salo. An sayar da TAB ta Victoria ga 'yan kasuwa a 1994 ta zama Tabcorp, ta New South Wales ta bi a 1998. Kamfanonin caca masu zaman kansu suka tare a Yankin Arewa, inda haraji ke da sauƙi, kuma daga garin Alice Springs kamfanin Centrebet ya fara karɓar caca ta intanet a 1996. Hukuncin babbar kotun ƙasa a shari'ar Betfair a 2008 ya buɗe wa kamfanonin ƙofar tallata hajarsu a kowace jiha. Talla ta cika talabijin. A 2013 Tom Waterhouse, ɗan Gai da Robbie, ya riƙa fitowa cikin shirin wasan zari-ruga yana karanta farashi, har jama'a suka tayar da jijiyar wuya aka taƙaita abin, shi kuma ya sayar da kamfaninsa ga William Hill a wannan shekara. Jakar fata ta koma manhaja. Ba jirgin ƙasa, ba tikiti, ba lokacin rufe shago, kuma aljihu ba ya yin sauƙi a ji, lamba ce kawai ke sauka a fuskar waya. Kamfani yana ganin duk abin da mutum ya taɓa zubawa. Wanda ke yawan ci a rage masa abin da zai iya zubawa, wanda ke yawan faɗuwa a aiko masa da tayin garaɓasa.

Ranar 21 ga Maris 2020 aka ga ƙarshen wannan tafiya da ido. Annobar korona ta sa an rufe ƙofa, Farnan ya ci Takalmin Zinare, Hugh Bowman na bisansa, a gaban kujeru wayam. Ana jin ƙarar kofato da muryar mahaya har cikin talabijin. Wasanni da yawa sun tsaya a makonnin da suka biyo baya, tseren doki bai tsaya ba, domin 'yan cacar suna gida da wayoyinsu.

Mutanen Ostireliya suna asarar sama da dala biliyan 25 a caca kowace shekara, kuma in aka raba bisa yawan jama'a suna sahun gaba a duniya. A Yunin 2023 kwamitin majalisa ƙarƙashin Peta Murphy ya miƙa rahoto mai shawarwari 31, babbarsu a kawar da tallan cacar intanet gaba ɗaya cikin shekara uku. An buɗe rajistar BetStop a Agustan shekarar, inda mutum zai sa a toshe shi daga dukkan kamfanonin, aka kuma hana cacar intanet da katin bashi a 2024. Murphy ta rasu da ciwon daji a Disambar 2023, kuma shekara biyu bayan rahotonta tallan na nan a talabijin.

Filin kansa ya kusa tafiya. Gwamnatin jihar na neman wurin gina gidaje, aka kawo tayin dala biliyan 5 a kan Rosehill, wanda yanzu ke hannun Australian Turf Club tun haɗewar Sydney Turf Club da tsohuwar ƙungiyar Randwick a 2011. Gai Waterhouse na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata kan kada a sayar. A watan Mayun 2025 'yan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 56 cikin 100 suka ce a'a, wata biyu bayan goɗiya Marhoona ta ci Takalmin a kan wannan ciyawa da Todman ya taka.