Dogon yaro, baƙon da ya gaje gida

A Badarawa, kamar sauran tsofaffin unguwannin Kaduna ta Arewa, inuwar da mai shayi da mai faci ke fakewa a ƙarƙashinta sau da yawa ta dogon yaro ce. Sabo ya sa ana ɗaukar wannan itace ɗan ƙasa, har ya samu sunaye iri-iri: darbejiya a Kano, bedi a wajen Katsina da Nijar, maina a wasu wurare. Amma asalinsa daga yankin Indiya yake, kuma zamansa a nan bai wuce ƙarni guda ba.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi Afirka ta Yamma. Ya fara kafuwa a Gana, sannan aka dasa shi a Lardin Borno a 1928, daga baya ya bazu zuwa Sakkwato da sauran garuruwa. Jami'an gandun daji na neman itace mai saurin girma, mai jure fari, wanda zai ba da makamashi da inuwa. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙara masa daraja, inda aka riƙa jera shi layi-layi domin tare iska da hana kwararowar hamada. A kwarin Majiya da ke Nijar, irin wannan shinge da aka fara a 1975 ya ceci gonaki da dama. Wannan alheri ne da ba a musantawa.

Sai dai halayen da suka sa aka zaɓe shi su ne suka hana shi tsayawa inda aka ajiye shi. Cikin shekara uku zuwa biyar yake fara 'ya'ya. Jemagu da tsuntsaye su sha, su kai ƙwallon nesa, galibi gindin wata bishiyar da suke sauka a kanta. Can zai tsiro, ya yi gogayya da mai masaukinsa wajen ruwa da haske. Ɗacin ganyensa na sa dabbobi su fi karkata ga tsiron wasu itatuwan, kuma ko an sare shi sai ya sake tofo. Kaɗanya kuwa takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta ba da 'ya'yan farko. Tseren ba na tsara ba ne.

Ana iya kallon karkarar Kano a ganta kore shar, a ɗauka lafiya lau, alhali abin da ke tsaye ya sauya. Ɗorawa ce ke ba da kalwar daddawa. Gawo kan kakkaɓe ganyensa da damina, gero ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya zubo wa awaki 'ya'ya. Dogon yaro ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan. Inuwarsa mai duhu ma rage amfanin da ke kusa da shi take yi.

Wasu ƙasashen sun riga sun sauya ra'ayi a kansa. A Gana, ya mamaye sassan filayen Akara da gandun namun daji na Shai, har ana kashe kuɗi wajen tumɓuke shi. A arewacin Ostireliya, inda ya bi gaɓar koguna, hukuma ta sanya shi cikin jerin tsirran da doka ta wajabta a daƙile. A arewacin Najeriya kuwa, har yanzu yana cikin dashen da aka fi rabawa idan lokacin gangamin dashen itatuwa ya zagayo, domin shi ne ba ya mutuwa ko an manta da ban ruwa.